Shekara huɗu da rabi da ɗan allonmu na bugu

Ƴan uwa mata masu asusu, na Ƙonni da na Malbaza da na Illela, da duk inda wannan takarda ta iske ku.

A taron rezo da ya wuce, mata sun yi ta tsaida mu da tambaya guda: wai ɗan allon nan da muke buga lissafi da shi, ya ci kuɗinsa kuwa? Mun gane cewa wasu ƙungiyoyi sun tara ƴar riba bana, suna shawarar saye. Amsar ba ta tsaye ba ce bakin mota ana kiran fasinja, don haka munka ce bari mu zauna mu rubuto muku ita, da zaƙinta da ɗacinta. Shekararsa huɗu da rabi ke nan a hannunmu, kuma da shi muke buga wannan da kuke karantawa.

Ga wadda ba ta taɓa ganinsa ba, ƴan lakkwal suna ce masa kilabiye, ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka su ce kibod, mu kuwa allo kawai muke ce masa. Tsawonsa bai kai kamu guda ba. Ba shi da igiya, ta Bluetooth yake kama salula, sai ki jingine salular a gabanki kina dannawa baƙaƙe na fitowa a gilashi. Yana da ɗan nauyi don akwai ƙarfe a jikinsa, kuma kowane madanni da ɗan kwarmi a kansa, kamar an dangwala yatsa a tuwo mai ɗumi. Sunan kamfanin ba za mu faɗa ba, ba talla anka ba mu ba.

Asusunmu da ka ya fara, ba da takarda ba. Kun san tun da CARE ta kawo tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ba a ce sai mai karatu za ta shiga ba. Mu ma haka munka iske iyayenmu na ƙungiya suna yi: akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, kuɗi a ƙirga su bisa faifai gaban kowa, kuma kowace mace ta riƙe a kanta bashin wadda ke zaune kusa da ita. Shekaru sunka yi a haka dala ba ta ɓata ba. Mu ne da munka shiga karatun yaƙi da jahilci, wasunmu da goyo a baya, munka shigo da kaye da bik.

Kaye ya ishe mu har ranar da munka fara hulɗa da ofisoshi. Takardar amincewa a meri, neman filin lambu a bakin fadama, jerin sunaye na rumbun tsimi, duk inda kika je sai a ce a kawo a buge da na'ura. Sai a tashi mace guda ta ɗauki kaye ta shiga mota zuwa Ƙonni, ta wuni bisa benci a shagon masu buga takardu. Ga kuɗin mota, ga na bugu, ga wunin da ba a yi sana'a ba. Amma abin da ya fi cin ranmu ba kuɗin ba ne. Yaron shago yana karanta kayenmu da ƙarfi yana bugawa, wance ta ɗauki jikka 10, wance ba ta biya ba tukuna, ga maza zaune suna jiran hotokwafi. A cikinmu kuwa akwai wadda mai gidanta bai san tana da tumaki biyu a hannun ƙanwarta ba. Ku da kanku kun san abin da wannan ke nufi.

Da ƙungiya ta sami salula mai shafawa munka ce an huta. Ashe da saura. Yatsan da ya saba da taɓarya da tuyar ƙosai ba ya zama daidai bisa ƙananan baƙaƙen gilashi, ki nufi b ki taɓo n. Sunaye 30 da lissafinsu sai su ci mu tun la'asar har isha'i, ido na ruwa, mu da munka haura arba'in. Da Najeriya ta buɗe iyaka a Disamban 2020, bayan rufewar da ta yi tun Agustan 2019, wani ƙanen ma'ajiyarmu ya sayo mana allo na roba mai araha a kasuwar ƙetare. Ranar farko munka danna A sai Q ta fito, munka danna M sai ga waƙafi. Har mun ce jabu anka sayar masa. Wani mushen lakkwal ne ya fahimtar da mu cewa jerin baƙaƙen iri biyu ne, na Ingilishi da ake kira QWERTY da na Faransanci da ake kira AZERTY, sunan kowanne daga baƙaƙe shida na farkon layin sama. Salularmu a Faransanci anka saita ta, allon kuma na Ingilishi ne. Ya gyara mana saitin, abu ya tafi daidai. Sai dai hunturu guda ya gama da shi. Ƙura ta shige ƙarƙashin madannan, sunka fara maƙalewa, cikin wata uku ya mutu murus. Araha ba ta ado.

Mushen nan ne ya ce in da gaske muke, mu sayi mai kyau sau ɗaya, irin wanda ake samu a Yamai, mai jerin Faransanci kamar na shagunan Ƙonni. Da anka faɗi kuɗin, jikka 45, sai tabarma ta yi tsit. Mu 30 ne, zubinmu ɗari-ɗari kowace Talata, wato sefa 500 in a takarda ne, jikka 15 ke nan a mako. Zubin mako uku cur na ƙungiya duka, a kan abin da ba a ci, ba a sha, ba a ɗaurawa. Ɗaya daga cikin masu makulli, mace mai kaifin kai wadda ba ta taɓa riƙe bik ba, ta ce: "Shugaba, wanga hwa kuɗɗin akuya na. Akuya tana haihuwa. Shi wanga mi za shi haihwa muna?" Ranar ba mu da amsa mai ƙarfi. Mako biyu ana ja, sannan anka jefa tsakuwa a ƙwarya, 19 sun yarda, 11 ba su yarda ba. Kuɗin ba daga zubi anka cire su ba, daga ribar albasar da munka tsare a rudu ne har ta yi tsada. A watan Afrilun 2021 direba ya kawo mana shi cikin kwali.

Watannin farko da yatsa biyu muke bugu, kamar kaza na tsintar tsaba. Daga baya sakatariyarmu ta lura akwai ɗan tudu a kan F da kan J, wanda yatsa ke ji ko ba a duba ba. Nan ake aza manuniya ta hagu da ta dama, sauran yatsu su jeru kusa da su, kowanne da gidansa. Wahala ce ta kamar wata biyu, kina ji kamar baya kike komawa, sannan wata rana ki tsinci hannunki ya san hanya da kansa. Lissafin da ke kai mu isha'i ya koma ana gamawa kafin kiran magariba. Abu guda da ba wanda ya faɗa mana: in kika aje shi ƙasa bisa tabarma kina duƙe, kafaɗa da wuya za su sanar da ke. Sai munka riƙa aza shi bisa akwatin asusu, mai bugu ta zauna a kujera ƴar tsugunno, tsayin ya zo daidai.

Ƙanƙantarsa ita ce daɗinsa, ita ce kuma aibinsa. Yana shiga jakar hannu, ba ya cin wuri. Amma in kun lura da dogon allon shagunan bugu, akwai rukunin lambobi a gefen dama, jere kamar na kalkuleta. Namu ba shi da wannan, lambobinsa a layin sama suke, kuma a jerin Faransanci ba sa fitowa sai kin danne madannin nan mai kibiya da ƙaramin yatsa. In kika mance, maimakon 2000 sai ki ga éààà a gilashi. Mun sha dariyar wannan, mun kuma sha haushinsa, don aikinmu rabi duk lamba ne. Ƙungiyar da ta san lissafi zalla za ta riƙa bugawa, a wuri guda, ba yawo, wallahi dogon zai fi mata sauri, kuma ya fi araha.

Sai maganar baƙaƙenmu masu ƙugiya. Allon nan yana da é da è da ç da à da ù, kowanne da ɗakinsa, amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ko ɗaya babu. Alhali tun 1999 ma'aikatar ilimi ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa a ƙasar nan, da ita anka koya mana karatu, har da ƴ ɗin nan da ƴan Najeriya ke rubutawa da y mai ɗan waƙafi a gabanta. A watan Maris na 2025 ma, sabon kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki. To, harshen ƙasa dai har yau sai mun ɗaga hannu daga allo mun je gilashi nemansa. Dubarar ita ce, a cikin saitin salula akwai wurin da ake cewa allon gilashi ya tsaya a buɗe ko da an haɗa na hannu. Sai ki zaɓi Hausa a na gilashin, in kin zo ƙ ki danne k ki ɗan riƙe, ta fito. Yana rage sauri, kuma zuciya tana raya miki ki bar ƙugiyar, ai za a gane. Wani lokaci ana ganewa. Amma a takardar kuɗi, in anka rubuta "kuɗin ya bata", ɓacewa sunka yi ko wani ne ya ba ta? Mu dai mun tsaida cewa a suna da maganar kuɗi ba a barin ƙugiya. Kuma in za ku aika takarda shago ta WhatsApp a fitar muku, ku maida ta PDF tukuna. Sau biyu ana kawo mana takarda duk inda ƴ take an sami ɗan akwati fanko, don na'urar shagon ba ta san baƙin ba.

Wajen ƙarko kam ba mu da ta cewa. Hunturu huɗu ya gani da zafin bazara biyar. Bayan kowane taro mukan kife shi mu ɗan bubbuga bayansa, mu bi tsakanin madannan da gashin kaza, mu naɗe shi a tsohon kallabi. Ruwa ba ya kusantarsa. Sau ɗaya jikan wata ya zuba masa shayi, N ta yi mako tana ɗanko, munka yi ta goge gefenta da tsinke da auduga har ta saki. Yana da fitila a ƙarƙashin baƙaƙen, kyakkyawa da dare, amma mun kashe ta tun damina ta farko, don ƙwari take tarawa kuma ita ke shanye batir. In tana kunne kwana goma ne, in an kashe ta sai ya yi watanni da caji guda. Cajin da igiyar salula ake yi, wurin yaron da ke da farantin sola biyu bisa rufin shagonsa. Tun 2018 akwai babbar tashar wutar rana a Malbaza mai megawat 7, to tamu ƙanwarta ce ta nesa. Lokacin da anka rufe iyaka kuma Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023, shagunan bugu sun koma injin mai, kuɗin fitar da shafi ya tashi, mu kuwa allonmu bai ma san ana yi ba. Muna bugawa a salula, mu kwafe jimla a kaye da hannu, har abubuwa sunka sassauta a Maris na 2024.

Amsar mai makulli kuma ta zo da kanta. Ƙungiyoyin ƙauyukan kusa sun fara kawo wasiƙunsu mu buga musu, dala 40 shafi. In an haɗa da kuɗin motar da munka daina kashewa, a shekara ta uku allo ya maida jikka 45 ɗinsa. A takardar bashi kuma ba ma sa suna, kowace mace da lambarta, don ko an fitar a shago ba wanda zai san wace ce.

Da a nan maganar ta tsaya, da ba mu ɓata muku takarda ba. Akwai abin da ya same mu a shekara ta biyu wanda har yau in munka tuna sai mu sunkuyar da kai.

Akwai dattijuwa a cikinmu, duk Inna muke ce mata, tana cikin waɗanda sunka kafa asusun. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa. Ta ɗauki jikka 10 ta sayi gyaɗa, da ribar asusu za ta maido jikka 11. Wata Talata ta kawo wani abu ta rage. Da wa'adi ya cika bayan mako shida, ta kwance bakin zanenta ta aza jikka 8 da ɗari bisa faifai, ta ce ta gama. Sakatariya ta duba takardar da anka fitar, fara tas, layi a miƙe, ta ce lamba 7 saura jikka biyu. A rubuce, abin da Inna ta rage a baya sefa 500 ne, wato ɗari.

Inna ta ce: "Ɗiyata, ɗari biyar na aza bisa faifan ga, gaban idonku."

Munka ce: "Inna, ba mu munka faɗi ba, ga shi nan a buge."

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce: "Tun kuna goyon hwari nike cikin asusun ga. Kun taɓa jin an ce na ci dalar wata?" Ba wadda ta amsa. Wadda ke zaune kusa da ita, da a da ita ce za ta riƙe bashin a kanta, ta ce ita kam ba ta riƙe ba, tun da allo ya zo ta bar wahal da kanta. Gaskiya ta faɗa. Dukanmu mun bari.

Abin da ya fi muni, mun san akwai rarar jikka biyu a akwati. Mako shida masu ƙirga suna faɗin jimla, tana ɗara ta takarda da jikka biyu daidai, mu kuma muna cewa ai kuɗin tara ne da na wasiƙu da ba a shigar ba, za a daidaita ranar rabo. Lissafin bugun nan a gida ake yinsa a lokacin, bayan an tashi taro, don a yi sauri a sallami mata su je girki. Ba wadda ta haɗa wancan rara da wannan giɓi. Takardar ta yi kyau ƙwarai, ba kamar kayenmu mai kankare-kankare ba, har ba mu ji akwai abin tuhuma a cikinta ba.

Talata ta gaba Inna ba ta zo ba. Ta aiko jikarta da jikka biyu a ƙulle cikin leda. Daga baya munka ji kazarta mai kwanci ta kai kasuwa.

Mai makullin nan ce, wadda ta yi maganar akuya, ta iske mu gida bayan kwana uku, ko zama ba ta yi ba. Ta ce: "Shugaba, barci ya ƙi ni. Ranar da Inna ta rage bashi, ba ranar da sakatariya ke wankan jego ba ta? Na ga kuɗɗin da idona, shuɗiyar takarda ɗaya ta jikka biyu da ɗari ta ƙarhe. Wa ya buga ranar?"

Nan take jikinmu ya yi sanyi. Ranar ɗiyar yayar sakatariya ce ta karɓe ta, yarinya mai hankali da ta zo hutu daga Sakkwato, hannunta bisa allo kamar ruwa, har muna yaba ta. An gaya mata jikka 1000 ce, zubin kowa kuma 500. Ba wadda ta tuna ta gaya mata cewa mu nan da dala muke ƙirga, dala guda sefa 5, ɗari biyar ɗinmu 2500 ce a takarda. Ita a naira ta tashi, anka ce mata ɗari biyar, ta buga 500. Ba ta yi kuskure ba a lissafin garinsu. Kuma lambar tana gabanmu ranar da Inna ke rantsuwa, biyar da sifiri biyu, tana faɗa muna kallo, ba mu gani ba.

Da daddare munka tafi gidanta, mu biyar na kwamiti da masu makulli uku. Munka durƙusa munka ce: "Inna, mun zo neman gafara, mun zalunce ki." Ta daɗe ba ta ce komai ba tana jan tasbaha. Sannan ta ce ta yafe, amma a gaban mata anka ce ta ci kuɗɗi, a gaban mata za a wanke ta. Haka anka yi. Ranar Talata munka miƙe tsaye munka faɗi abin da ya faru tun daga farko, anka ƙirga jikka biyu bisa faifai anka miƙa mata. Kwamiti munka haɗa daga aljihunmu munka sayo mata wata kaza. Ta karɓa, ta ce waccan ƙwai goma sha ɗaya take kwanci.

A wannan zaman wasu sun ce a sayar da allon a koma yadda ake. Inna ce da kanta ta hana, ta ce ƙarfe bai yi mata ƙarya ba, mutane ne sunka aje kunnuwansu. Sai munka sake tsarin aikin. Yanzu ba a buga lissafin asusu a gidan kowa. A taro ake yi, bisa akwati, kowa na gani. Mace ta aza kuɗinta, mai ƙirga ta faɗa da dala, mai bugu ta buga ta karanto da sefa, ta sake juya shi da dala, mai kuɗi ta ce "haka ne", ta kusa da ita ma ta ce "na ji". Riƙon bashin maƙwabciya a ka ya dawo, kuma ana tambaya a farkon kowane zama kafin a duba gilashi. Kwaɗo ba ya rufuwa sai jimlar gilashi ta yi daidai da ta faifai, ko dala guda ce ta bambanta sai an nemo ta. Masu bugu kuma mun zama uku, ana karɓa-karɓa, don kada haihuwa ko tafiya ta sake sa mu miƙa wa baƙo. Shi kansa allon cikin akwati yake kwana tare da kuɗi. Nan ƙanƙantarsa ta yi rana, dogon da ba zai shiga ba.

Kada mu ɓoye muku, wannan tsari ya ci rabin saurin da munka saya da jikka 45. Taro ya koma yana kaiwa gab da magariba, masu ƙananan yara suna gunaguni, kuma suna da gaskiya. Wasiƙun waje sai ranar Talata bayan an tashi, don haka wasu masu kawo mana aiki sun koma Ƙonni. Akwai ranar da anka buƙaci jerin sunaye da gaggawa ranar Juma'a, mai makulli guda tana biki a Badagishiri, dole munka koma bugun gilashi da babban yatsa har tsakar dare. Ƴan matan cikinmu suna cewa a fitar da allon daga akwati, ai salula ma ana iya rubutu da ita ba shi, kulle shi bai hana komai ba. Ta wani gefen haka ne. Amma tun da yake fitowa daga akwati gaban kowa ya koma gaban kowa, mata sun daina kallonsa kayan masu karatu, har waɗanda sunka jefa tsakuwar ƙi suna cewa "allonmu". Mun sake kawo maganar a rabon bara, masu son ya zauna a akwati sunka rinjaya.

To, masu shawarar saye, ku je da salularku a haɗa a gabanku kafin ku biya, ku buga sunan ƙungiyarku da wata lamba ku gani. Ku tambayi jerin baƙaƙen, na Faransanci ne ko na Ingilishi, don wanda hannu ya fara sabawa da shi da wuya ya sake. Ku duba ko igiyar cajinsa irin ta salularku ce. Kuma tun ranar da ya shigo ku zauna ku yanke da wane harshe za a riƙa faɗin kuɗi, dala ko sefa, musamman ku na bakin iyaka da naira ke yawo a kasuwarku.

Namu yanzu ya fara nuna shekaru. A ta goge sarai, N da K sun dushe, mun ɗiga musu jan farce don masu koyo, su kuwa Q da V da X suna nan sababbi kamar ranar da anka buɗe kwali, Hausa ba ta da aiki da su. Batir da ke yin watanni ya koma mako shida, kuma a rufe yake ciki, ba irin na tocila ba ne da za a canza. Wani mai gyaran salula ya ce zai iya buɗewa, ba mu yarda ba tukuna. Daga kuɗin kowace wasiƙa muna ware dala 10 a wani ƙulli daban saboda ranar da zai tsaya.

Inna tana nan, lamba 7, ta sake ɗaukar bashin gyaɗa bayan girbin bana. In anka karanto mata da sefa sai ta ce: "Ban ji ba, ɗiyata, maido mini shi da dala." Wadda hanya ta biyo da ita wajenmu ranar Talata bayan la'asar, ta tsaya ta ga yadda muke yi, ta kuma taɓa allon da hannunta kafin ƙungiyarsu ta kwance ƙulli.